Filinge: Mai ba da magani ma yana bukatar kulawa

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki. Amma a ƙasar Kurfai, kamar sauran yankunan karkara, ba kasafai ake tambayar lafiyar wanda ke tsaye dare da rana a kan marasa lafiya ba.

Garin Filinge yana cikin kwarin Dallol Bosso, tazarar kilomita kusan 180 arewa maso gabas da Yamai. Asibitin gunduma da ke garin shi ne madogarar ƙananan gidajen likita na Shikal da Bankuku da Damana da ƙauyukan da ke kewaye. A irin waɗannan wurare, shugaban gidan likita, wanda jama'a ke kira majo, shi ne mai duba marasa lafiya, shi ne mai allura, shi ne mai cika takardun rahoto. In haihuwa ta zo da gardama cikin dare, ƙofarsa ake bugawa. Da damina kuwa, sa'ad da masassarar cizon sauro ke kwantar da yara, hutu sai dai a ji labari.

Wahalar ba ta yau ba ce. Bayan karya darajar kuɗin sefa a Janairun 1994, magunguna suka yi tsada, ma'aikata kuma suka sha bin gwamnati bashin albashi na wata da watanni. Ana cikin haka sanƙarau ya afka wa ƙasa a 1995 da 1996. A 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta lissafa Nijar cikin ƙasashe 57 masu matsanancin ƙarancin ma'aikatan lafiya. A wannan shekara ce kuma aka mayar da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Iyaye sun ji daɗi, marasa lafiya suka ƙaru, amma jinkirin biyan kuɗin da gwamnati ta yi alkawari ya bar ɗakunan magani da yawa wayam. Fushin iyaye kuwa a kan majo yake sauka, don shi suke gani.

Duk da haka, ma'aikatan gundumar sun taka rawar da ba za a manta ba. A Satumban 2010, Filinge ce gunduma ta farko a Nijar da aka yi allurar MenAfriVac ta rigakafin sanƙarau nau'in A, cutar da ta daɗe tana ɗauke rayuka a lokacin bazara.

Sai kuma matsalar tsaro ta ƙara nauyi. Tun 2012 ƴan gudun hijirar Mali suka sauka a Abala. A farkon 2020 aka hana zirga-zirgar babura a jihar Tillaberi, alhali babur ne ƙafar mai allurar rigakafi. A Maris na shekarar, cutar korona ta shigo ƙasa.

Haɗarin aikin a fili yake. Allurar da aka yi amfani da ita kan soki hannu, ta ɗauko ciwon hanta nau'in B ko sida. Tarin fuka na bin iska a ɗakin da ba shi da taga. Rashin barci kuma na gajiyar da hankali, gajiyayyen hannu kuwa shi ke kuskuren awon magani. Maganin waɗannan sananne ne: rigakafin ciwon hanta ga kowane ma'aikaci, kamar yadda OMS ke shawarta, safar hannu, akwatin zuba allurai, ruwa da sabulu, abokin aiki da za a yi karɓa-karɓa da shi, da albashi a kan kari.

Ƙungiyoyin ƙwadago irin su SUSAS sun daɗe suna kai kukan ma'aikata gaban hukumomi. Amma maganar ta shafi kowane magidanci a Kurfai, domin ranar da majo ya kwanta ciwo, ƙauyuka da dama ne ke rasa likita.