Addinin Hindu da Addinin Buddha: Tambaya Ɗaya, Amsa Biyu

Yawancinmu a fina-finan Indiya muka fara ganin addinin Hindu, shi ya sa ɗalibi yakan haɗa shi da addinin Buddha ya ce duk ɗaya ne. Dangi ne na kusa, amma sun rabu a kan wata babbar magana: mene ne mutum?

Abin da suka yi tarayya a kai

An haifi Siddhartha Gautama, wanda ake kira Buddha, a Lumbini cikin ƙasar Nepal ta yau, wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Almasihu. Ya tarar malaman ƙasarsa suna koyar da karma, wato kowane aiki yana da sakamakon da ke bin mai shi, da kuma samsara, wato a mutu a sāke haifuwa ba iyaka. Bai musanta waɗannan ba. Tambayarsa ita ce tasu: ta yaya mutum zai kuɓuta daga wannan zagaye?

Inda suka rabu

Littattafan Upanishad na Hindu sun koyar cewa a cikin mutum akwai atman, ainihin kai wanda ba ya mutuwa. Kuɓuta ita ce mutum ya gane cewa atman ɗinsa ɗaya ne da Brahman, tushen dukan abubuwa.

Buddha ya ce babu wani kai mai dawwama. Mutum tarin abubuwa ne masu canzawa, kamar jiki da ji da tunani, kuma manne wa “ni” da “nawa” shi ke haifar da wahala. To in babu kai, wa ake sāke haifa? Mabiyansa sun ba da misalin fitilar da aka kunna daga wata fitila: wutar ta ci gaba, amma babu wani abu guda da ya ƙaura daga wannan zuwa waccan. Buddha ya kuma ƙi ikon littattafan Veda da hadayun dabbobi, ya ce hali ne ke ɗaukaka mutum, ba gidan da aka haife shi ba.

Yadda suka shafi juna

Gardamar ta ɗauki fiye da shekara 1,000, kowane ɓangare yana wasa hujjojinsa a kan na ɗayan. A ƙarni na 8, Shankara ya kāre koyarwar atman, ya yi ta sukan mabiya Buddha. Duk da haka wasu malaman Hindu suka zarge shi da cewa ɓoyayyen mabiyin Buddha ne, domin shi ma ya ce duniyar da ido ke gani ba ita ce gaskiya ta ƙarshe ba. Hindu da yawa sun karɓi Buddha a matsayin bayyanuwar allahnsu Vishnu ta 9. Littattafan Buddha kuwa sun ambaci Brahma da Indra, amma sun sa su ƙarƙashin samsara kamar kowa.

Rabuwar tana da rai har yau. Ranar 14 ga Oktoba 1956, a Nagpur, B. R. Ambedkar ya shiga addinin Buddha tare da dubban ɗaruruwan Dalit, waɗanda tsarin gadon matsayi ya mayar ƙasƙantattu.

Don nazari

1. Bayyana bambancin atman da koyarwar Buddha game da kai.
2. Addinai biyu suna iya amfani da kalma ɗaya da ma'ana dabam. Me wannan yake koya wa mai hidima da ke zaune tare da maƙwabta masu wani addini?