Kwikwiyo a hannun yara: abin da saƙon nan ya faɗa daidai da wanda zai iya kashe mutum

Wani saƙon murya ya zagaye zaurukan WhatsApp na unguwarmu da na wurin aiki a 'yan makonnin nan. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, ya dai ce shi mai horar da karnuka ne, yana ba ma'aikata shawarar yadda za su yi da kwikwiyo idan sun fita tun safe ba za su dawo ba sai bayan la'asar. Saƙon ya karɓu domin ya zo a kan gaɓa. Tun da sata da fashi suka yi yawa, gidajen da a da ba su taɓa tunanin ajiye kare ba sun koma nemansa don gadi, kuma yawanci ƙarami ake saya don ya tashi ya san mutanen gida. Sai a kawo shi ranar Asabar, Litinin ta yi maigida da uwargida duk su kama hanyar ofis, a rasa wanda za a bar wa shi.

Ba duk abin da mutumin ya faɗa ne ƙarya ba. Ya ce kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya yi wata biyu, haka ne. Ya ce yana bukatar cin abinci sau uku zuwa huɗu a yini, shi ma haka ne, sai dai bai lura cewa wannan ya rushe sauran shawararsa ba. Ya ce kada a bar shi yana yawo a layi, nan ma ya yi gaskiya.

Waɗansu shawarwarin nasa kuma ba su cancanci dogon bayani ba. Barkono a abinci ba ya sa kare zafin rai, cikinsa kawai yake ɓatawa. Madarar shanu da ya ce a cika masa kwano da ita kafin a fita zawo take sa yawancinsu. Sauran miya mai albasa da yawa tana lalata musu jini. Maganin ciwon jiki na mutane kuwa, musamman ibuprofen, yana iya yi wa cikinsa da ƙodarsa illa, kada a ba shi.

Wadda ta tayar mini da hankali ita ce shawarar da ya ɗora komai a kanta. Ya ce ma'aikaci bai da matsala, ya bar kwikwiyon a hannun yaran gida ko almajirin da ke yi masa aike, domin wai haƙorin kwikwiyo ba shi da dafi, cutar haukar kare ba ta kama ƙarami, allurar rigakafi kuma ɓarnar kuɗi ce sai ya shekara. Wannan ƙarya ce daga farkonta har ƙarshenta. Wanda ya faɗe ta da muryar masani, ya sake ta cikin jama'a ba tare da ya taka ƙafa ya tambayi likitan dabbobi ko ɗaya ba, ya ɗauki alhakin yaran mutane.

Cutar haukar kare ba dafi ba ce da ke tsirowa a haƙori idan kare ya girma. Ƙwayar cuta ce da ke cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga jiki ta cizo, ko yagushi, ko lasar wurin da fata ta buɗe. Daga nan ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Babu ruwanta da shekarun kare. Kwikwiyon da aka saya a bakin titi ko a kasuwa, wanda ba a san uwarsa ba, ba a san wane kare ya taɓa cizonsa a bola ba, yana iya zuwa gida da ita a jikinsa yana wasa yana cin abinci lafiya lau, domin tana ɗaukar makonni ko watanni kafin ta bayyana. Kuma tana iya sauka cikin yawunsa 'yan kwanaki kafin a ga wata alama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa cutar tana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga kare suke ɗaukarta. Kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato daidai waɗanda mai saƙon ya ce a miƙa wa kwikwiyon. Dalilin a fili yake. Yaro gajere ne, kuma fuskarsa yake kaiwa kusa da bakin kare, cizo a fuska ko a wuya ko a yatsu shi ne mafi haɗari saboda yawan jijiyoyi da kusanci da ƙwaƙwalwa. Sannan yaro yana ɓoye cizo. Yana tsoron duka, ko yana tsoron a raba shi da abin wasansa. A jikin mutum cutar kan yi wata biyu zuwa uku tana kwance, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Ranar da zazzaɓi ya fara, yaro ya soma firgita yana kasa haɗiyar ruwa duk da ƙishirwa, babu mai tuna ɗan karcen da ya warke tun tuni, kuma a wannan matakin kusan babu mai tashi.

Kwikwiyo kuwa cizo aikinsa ne. Yana da haƙoran nono 28, masu tsini kamar allura, waɗanda ke zubewa na dindindin 42 su fito kafin ya cika wata bakwai. Duk tsawon wannan lokaci dasashinsa yana ƙaiƙayi, takalmi da tabarma da hannun yaro duk ɗaya ne a wurinsa. Na ga haka a gidan wata maƙwabciyarmu da ta bi shawarar saƙon. 'Yarta ta miƙo mini ruwa, sai na ga bayan hannunta duk jan zane ne, biyu daga ciki sun yi ɓawo. Na ce, "Hajiya, me ya sami hannun yarinyar nan?" Ta ce, "Ai wasa suke yi da ɗan karen nan, Malam. Jariri ne, bai kai ya yi wata cuta ba." Na tambaye ta inda aka samo shi, ta ce wani yaro ne ya kawo wa maigidan a kwali. Matar nan ba sakarya ba ce, kuma ba wai ba ta damu da 'yarta ba. An gaya mata magana da ƙarfin gwiwa, abin da ta gani da idonta kuma bai ƙaryata ba. Washegari dai suka je asibiti, aka fara wa yarinyar allurai.

Na fahimci abin da ya sa mutane ke yarda. Mafi yawan 'yan kwikwiyo ba sa ɗauke da cutar, don haka kusan kowa ya san wanda kwikwiyo ya ciza kuma babu abin da ya same shi. Kwikwiyon da aka haifa a gidan da aka sani, uwarsa tana da katin rigakafi, bai taɓa cuɗanya da karnukan waje ba, haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai, kuma ba na so kowa ya firgita ya jefar da nasa. Matsalar ita ce ido ba ya bambance mai ita da marar ita. Mun saba ɗauka mahaukacin kare shi ne mai dalalar da yawu yana bin mutane da cizo. Akwai nau'in da kare ke yin shiru ya lafe a lungu, muƙamuƙinsa ya saki, har masu shi su zaci ƙashi ne ya maƙale masa su sa hannu a bakinsa don su ciro. Idan an ga haka, a tsare shi a kira likita, kada a taɓa bakin.

Maganar jira sai ya shekara kuwa ba ta da tushe. Ana yi wa kwikwiyo allurar haukar kare da ya cika wata uku, a sabunta ta bayan shekara, kuma a wuraren da cutar ta yi yawa masu gangamin rigakafi ba sa tsallake ko waɗanda ba su kai wata ukun ba. Allurar ba ta aiki a ranar da aka yi ta, sai a ba ta kamar wata guda. Ba abu ne mai wuyar samu ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda ke aiki tun 1924, tana sarrafa ta, asibitocin dabbobi na jihohi da na koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suna yin ta. Kafin ita ma akwai allurar da ake farawa tun yana mako shida zuwa takwas, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har ya kai wata huɗu, wadda ke kare shi daga cutar amai da zawon jini da ke kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki kaɗan. Akwai kuma maganin tsutsar ciki, kuma wannan ma ya shafi yara, domin ƙwayayen tsutsar suna cikin kashinsa, a ƙasar tsakar gidan da suke wasa.

Idan cizo ko karce ya riga ya faru, abin yi na farko a gida yake: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a duba agogo, domin ya fi tsawo yadda ake zato. Kada a sa barkono ko toka ko gashin karen, kada a ɗaure. Daga nan a tafi asibiti a ranar, a faɗi cewa kare ne. A nan mutane da yawa ke yin kuskure: su je kemis a yi wa yaro allurar tetanus su dawo hankali kwance. Ita wannan wata cuta daban take karewa. Ta haukar kare allurai ne a jere, a ranar farko, da ta uku, da ta bakwai, wani tsarin har zuwa ta 14 da ta 28, kuma idan rauni ya yi zurfi akwai wani magani da ake tsirawa a gefen raunin. Shi kuma karen kada a kashe a yar. A tsare shi kwana goma ana lura. Idan ya wuce su lafiya ƙalau, bai ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon ba. Amma ba a zaman jiran kwana goman kafin a fara allurar mutum. Idan ya mutu a tsakani, likitan dabbobi ya san yadda za a aika kansa gwaji.

Batun almajiri ya fi ci mini rai. Ɗan gida idan an cije shi akwai mai ganin hannunsa da daddare. Almajiri zai koma makaranta da raunin, ya shafa ƙasa, babu mai tambayarsa, babu mai biyan kuɗin allurai. Ba daidai ba ne a ba shi aikin da ba za a yarda ɗan cikin gida ya yi ba tare da babba a kusa ba.

Akwai wata shawarar a saƙon da ita ma cutarwa ce, ko da yake karen take kashewa ba mutum ba: wai a ɗaure shi da sarƙa duk yini ba ruwa don ya yi zafi. Kare ba ya zufa yadda muke yi, da haki yake rage zafin jikinsa, kuma a bazara, lokacin da zafi ke haura maki 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, kwikwiyon da inuwa ta gushe ta bar shi a kan siminti yana iya mutuwa kafin azahar. Wanda ya rayu kuma matsoraci yake tashi, matsoracin kare ba ya bambance ɓarawo da ɗan maƙwabci. Ko ta fuskar addini ma, mun san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha.

To ma'aikaci fa, yaya zai yi? Kwikwiyo mai wata biyu ko uku ba ya iya zaman awa tara shi kaɗai. Abin da masu kiwo suka saba aunawa da shi, ko da yake ba ƙa'ida ce mai tsauri ba, shi ne yana riƙe fitsari kamar awa ɗaya a kan kowane wata na rayuwarsa. Dole a sami babban mutum da zai leƙa shi aƙalla sau biyu tsakanin fita da dawowa: ya ba shi abincin rana, ya canza ruwa, ya kwashe kashi, ya sake shi ya ɗan motsa. Maigadi ne ko maƙwabci ko ƙanin maigida, a tambaye shi tukuna, domin akwai wanda ba ya son taɓa kare kuma haƙƙinsa ne, sannan a ƙara masa wani abu a kan aikin. A kewaye masa wuri mai faɗi a inuwar da ba ta gushewa, wurin kwanciya daban da wurin bahaya, da kwanon ruwa mai nauyi wanda ba zai kifar ba, da abin taunawa. Idan an yi masa wasa da safe kafin fita, yawancin yinin barci zai yi, domin kwikwiyo kan kwashe awa 18 ko fiye yana barci. Yara su yi wasa da shi bayan an dawo, a gaban babba, su wanke hannu da sabulu, kuma a gaya musu a fili cewa duk wanda ya zo ya nuna cizo ba za a doke shi ba.

Wanda zai iya, ya karɓi kwikwiyon a farkon hutunsa na shekara. Wanda gidansa ke zama kulle daga safe zuwa yamma kuma babu mai leƙawa, ya nemi kare da ya wuce wata shida wanda ke da katin rigakafinsa, ya karanta kwanan watan da ke jikin katin da sa hannun likitan kafin ya biya.