Gashin Haƙarƙari a Gidajen Hawai

A tsibiran Hawai, waɗanda ke tsakiyar Tekun Fasifik kuma suka zama jiha ta 50 ta Amurka a shekarar 1959, da wuya a yi taron dangi, ko na cikar jariri shekara ɗaya ne ko na kammala karatun yaro, ba tare da hayaƙin gashin haƙarƙari ya tashi daga bayan gida ko daga rumfar ajiye mota ba. Ana gasa haƙarƙarin alade a can kamar yadda ake yi a sauran sassan Amurka, amma wanda mutanen tsibiran suka fi tinƙaho da shi shi ne na saniya, wanda suke kira kalbi, kalmar da ke nufin haƙarƙari a harshen Koriya. Abin da ya bambanta shi da sauran gashi shi ne zaƙi da gishiri da suka haɗu a jikinsa har ba a iya cewa ga wanda ya rinjayi wani, da kuma ƙyallin da ke lulluɓe naman idan sukari ya narke a kan wuta ya kama shi.

Saniya kanta baƙuwa ce a tsibiran. A 1793 ne wani matuƙin jirgin ruwan Ingila, George Vancouver, ya kawo wa Sarki Kamehameha na Ɗaya kyautar shanu, sarkin kuwa ya haramta taɓa su domin su hayayyafa, suka yi ta yaɗuwa a daji har sai da aka ɗauko makiyaya masu dawaki daga Meziko don su koya wa mutane kama su. Gashin 'yan asalin ƙasar, wanda ake ce wa pulehu, bai wuce a barbaɗa wa nama gishirin teku a ɗora shi a kan garwashi ba, kuma har yau akwai dattawan da ke ganin duk abin da aka ƙara a kan wannan ɓata nama ne.

Zaƙin ya shigo ne ta gandayen rake. Tun daga 1835, lokacin da aka kafa gandun Koloa a tsibirin Kauai, noman rake ya yi ta faɗaɗa har ya fi ƙarfin hannun da ke ƙasa, masu gandayen suka shiga kwaso 'yan ƙwadago daga nesa: Sinawa daga 1852, mutanen Fotugal daga 1878, Japanawa da yawa daga 1885, mutanen Koriya daga Janairun 1903, sai na Filifin daga 1906. An zaunar da kowace ƙabila a sansaninta dabam, wani lokaci ma albashi ya bambanta, don kada su haɗa kai su nemi haƙƙinsu, amma hutun tsakar rana ya rusa wannan shiri ba tare da masu gandun sun ankara ba. Kowane ma'aikaci yana zuwa gona da wata 'yar kwalla mai hawa biyu da ake kira kaukau, wato abinci a harshen gauraye na gandu, shinkafa a ƙasa, mahaɗi a sama. Idan aka zauna a inuwa, kowa yakan riƙe shinkafarsa ya tura mahaɗinsa tsakiya, mutumin Japan ya ɗanɗana na mutumin Koriya, na Filifin ya miƙa hannu ga na Basine, alhali ba su gama jin harshen juna ba. Daga wannan zama ne girkin da mutanen Hawai ke kira na gida ya samo asali, kuma kalbinsu ya fi na Koriya zaƙi, abin da ba zai ba da mamaki ba a ƙasar da sukari ya fi komai samuwa, kuma waɗanda suka fara zuba shi a kan nama su ne suka sari raken da hannunsu.

Yankan naman shi ne farkon sanin aiki. Mahauci yakan gitta haƙarƙarin da zarto, ya fitar da shi falle-falle, kaurin kowane falle bai fi na ɗan yatsa ba, da 'yan ƙasusuwa uku a jere a gefe guda. A Koriya yankan gargajiya yana bin tsawon ƙashi ɗaya ne a warware tsokar kamar rawani, shi ya sa suke kiran wannan na giciye da sunan LA, kuma har yau ana gardama a kan ma'anar haruffan biyu. Wasu sun ce sunan birnin Los Angeles ne, inda 'yan Koriya mazauna Amurka suka yayata yankan, wasu kuma sun ce taƙaita wata kalmar Turanci ce mai nufin ta gefe. Bayani na farko ya fi kama hankali, domin mutane sun fi laƙaba wa abinci sunan gari fiye da kalmar littafi, ko da yake uwar gida a garin Hilo ko Waipahu ba ta damu da ko ɗaya ba, abin da take dubawa shi ne ko kitse ya ratsa tsokar da kyau, kuma takan wanke garin ƙashin da zarto ya bari kafin ta taɓa komai.

Ruwan da ake tsuma naman a ciki ginshiƙinsa shi ne shoyu, wani baƙin ruwa mai gishiri da ake samu daga waken suya da alkama bayan an bar su sun ruɓa sun nuna, kusan yadda kalwa ke zama daddawa. Shoyun da ake yi a tsibiran, kamar na kamfanin Aloha da aka kafa a 1946, bai kai na Japan kaifin gishiri ba, shi ya sa masu girki ke cewa idan aka canja shi dole a canja awo duka. Ga nama kilo 2 akan zuba kofi ɗaya na shoyu, da sukari mai ruwan ƙasa, ɗan uwan mazarƙwaila, kusan kofi ɗaya, da ruwa kaɗan, sannan a daka tafarnuwa da ɗanyar citta, a yanka lawashin albasa, a ƙara cokali biyu na man riɗi da soyayyen riɗi. Wannan awon na masu koyo ne. Tsofaffin mata ba sa aunawa, suna tsoma yatsa ne su lasa, su ƙara sukari har sai gishirin ya daina cizon harshe, sannan su murza kowane falle da hannu, su jera a babban kwano, su rufe su sa a firji ya kwana, wasu har kwana biyu, da safe a juya na ƙasa ya dawo sama.

Abarba ita ce wurin saɓani mafi zafi. Tun da James Dole ya kafa kamfaninsa a 1901 ya cika duniya da abarbar gwangwani, mutanen waje suka ɗauka duk abincin da aka ɗora wa yankan abarba ya zama na Hawai, abin da ke ɓata wa 'yan ƙasa rai ƙwarai, musamman da yake ita ma abarbar daga Kudancin Amurka aka kawo ta. Duk da haka tana da aikinta a cikin kwanon, domin ɗanyar abarba tana ɗauke da sinadarin bromelain mai narka jijiyar nama. Wanda ya sani yakan zuba cokali kaɗan, kuma ba ya barin naman ya kwana a ciki, don in ya daɗe sai ya saki ya zama kamar dame. Ruwan gwangwani kuwa, da yake zafi ya kashe sinadarin, zaƙi da ɗan tsami kawai yake bayarwa, shi ya sa ake iya barinsa har safe. Gidajen da suka riƙe hanyar Koriya sun fi son gurza wani ɗan itace mai ruwa-ruwa na ƙasarsu, wasu kuma gwaiba suke sawa.

Wutar aikin maza ce a mafi yawan gidaje, kuma kusan kullum akwai wani kawu, ko da ba dangin jini ba ne, tun da a Hawai kowane babba kawu ne ko gwaggo, wanda ba a karɓar maɗauki daga hannunsa. Murhun ƙarfen ana ce masa hibachi da Japananci, gawayin da ake so kuwa na kiawe ne, wata itaciya mai ƙaya da wani limamin Katolika ɗan Faransa, Alexis Bachelot, ya shuka a Honolulu a 1828, kuma dangin ƙirya ce ta kusa, don haka garwashinta ke da zafi da jurewa kamar wanda maƙera ke nema. Ba a ɗora nama sai harshen wuta ya kwanta, toka ta yi wa garwashin fari. Da fallen ya sauka a kan raga sai a ji ƙarar cuwat, kitse ya ɗiga, wuta ta taso, kawu ya ja naman gefe ya jira ta lafa. Minti 3 ko 4 sun ishi kowane ɓangare, kuma tsakanin sukarin da ya nuna ya yi ja mai duhu da wanda ya ƙone ya yi ɗaci babu nisa, shi ya sa mai gashi ba ya juya baya ko da ana kiransa, sai dai a ji yara na cewa huli, wato juya. Ragowar ruwan tsumin ba a shafa shi ɗanye, sai an tafasa shi a tukunya har ya yi kauri ya riƙa bin bayan cokali, sannan a shafa a minti na ƙarshe, a juya, a sake shafawa, wuta ta kama shi ya yi ƙyalli.

Idan haƙarƙarin mai kauri ne, akan fara da tanda, a rufe shi ya yi awa 2 zuwa 3 a kan zafi kaɗan kafin a kai shi garwashi.

Ana ci da shinkafa fara mai danƙo, ludayi biyu, da haɗin makaroni ludayi ɗaya, da kimchi, wato kabejin da aka tsuma da barkono, domin yaji da tsami su yanke maiƙo. Da hannu ake ɗaukar kalbi, kuma wurin da masana ke nema shi ne 'yar tantanin da ke zagaye da ƙashi, wadda ake gutsura da haƙori har ƙashin ya fito fes. Baƙon da ya bar ta a faranti an san bai saba ba. Ba kuma a sallamar kowa hannu rabbana, sai an cika masa faranti an rufe da takardar alminiyom ya tafi wa na gida da shi, shi ya sa ake gasa abin da ya ninka yawan masu zuwa.

A ƙarshen 2016 masana'antar sukari ta ƙarshe, wadda ke Puunene a tsibirin Maui, ta rufe, saboda haka sukarin da ke cikin kwanon yau ta jirgi yake zuwa, haka ma mafi yawan naman, domin akasarin maruƙan tsibiran ana kai su babban yankin Amurka ne a yi kiwonsu. Haƙarƙarin da a da ake ɗauka yankan talaka ne ya yi tsadar da wasu gidaje sai ranar biki suke sayensa, ruwan tsumi na kwalba ya cika kantuna, murhun gas ya ture gawayin kiawe, kuma 'yan mata da yawa sun tashi ba su taɓa ganin kakarsu ta lasa yatsa ta ƙara sukari ba. Tsadar rayuwa ta kori iyalai masu yawa, har ƙidayar 2020 ta nuna 'yan asalin Hawai da ke zaune a wajen jihar sun fi waɗanda ke cikinta yawa. A Las Vegas, birnin da suka taru har suke kiransa tsibiri na tara, ana ganinsu ranar Asabar a rumfunan mota sun jera takalma a bakin ƙofa, jarkar shoyun gida tana kan tebur, kawu yana tsaye a gaban hibachi da maɗauki a hannu.