Dundumi Ba Iri Ɗaya Ba Ne

Jama'ar zango, sau da yawa mukan ga yaro lafiya lau da rana, amma da an yi magariba sai ya shiga laluben bango yana tuntuɓe. Sai mu ce dundumi ne, a gasa masa hanta. To, in rashin bitamin A ya kawo shi, hanta da man ja sukan warkar da shi. Amma akwai dundumi na gado, wanda hanta ba ta yi masa kome, gama lahanin yana can ƙurewar ido, inda ake karɓar haske.

Ga yadda ake rarrabewa. Wani da shi ake haihuwar yaro, ba ya ƙaruwa har tsufa. Wani kuwa, wanda likitoci ke kira retinitis pigmentosa, yana kama wajen mutum 1 cikin 4,000. Sannu sannu yake cin ganin gefe, har mutum ya koma kamar mai leƙe ta bututu. In ya haɗu da kurumta, shi ake kira ciwon Usher. Akwai kuma wanda maza yake kamawa, ta wajen uwa, don haka sai a bincika ko kawunnan yaro suna da shi. Auren zumunci kuwa yana ƙara fito da wasunsu.

Likitan ido kaɗai ke iya tabbatarwa, da awon ƙurewar ido da na jini. A 2017 Amurka ta amince da maganin iri guda, amma sai an san irin tukuna. Saboda haka kada mu tsawata wa yaro mai tuntuɓe, mu kai shi asibiti da wuri. Allah ya kiyaye mana idanunmu, amin.