3.4 Nazir Ahmad Hausawa (Ziriums) da Dalilan Shahararsa

A wannan sashe za a dubi rayuwar waƙa ta ɗaya daga cikin mawaƙan gambarar zamani na ƙasar Hausa, wato Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, domin a gano abin da ya sa waƙoƙinsa suka karɓu har a wuraren da ke nesa da garinsu, kamar Argungu da Birnin Kabi.

Ziriums mutumin Kano ne, kuma ya yi aikin haɗa sauti a ɗakin ɗaukar waƙa. Yana tsara baitocinsa da Hausa, yana ɗan surka su da Ingilishi, a kan kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka. Tauraronsa ya fara haskawa ne a lokacin da fasihan Kano suka shiga matsi. A shekarar 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai ta jihar, inda aka tsaurara dokoki a kan 'yan fim da mawaƙa. A wannan shekara ce aka ɗaure Adam A. Zango saboda faifansa mai suna Bahaushiya. Haka kuma, a 2009 wata kotu ta haramta sauraren waƙoƙi 11, ciki har da "Girgiza Kai" ta Ziriums, wadda ke sukar wannan matsi.

Sai dai haramcin bai kai ga biyan buƙata ba, domin ya zo daidai da yaɗuwar wayar salula. Matasa sun riƙa tura wa juna waƙoƙin daga waya zuwa waya, ba tare da sun bi ta kasuwar faifai ba, wadda ita ce hukuma ke iya sa wa ido. Bugu da ƙari, dokar Kano ba ta aiki a wasu jihohi, saboda haka saurayin Argungu ba shi da wani shamaki. Shi kansa mawaƙin ya fahimci haka, shi ya sa a 2010 ya fitar da kundinsa This Is Me ta hanyar intanet.

Dalili na biyu ya shafi al'ada. Duk da cewa kiɗan baƙo ne, zubin maganar ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Tun da can akwai 'yan gambara masu zuba magana da sauri cikin raha, akwai kuma zambo da habaici a waƙoƙin makaɗan fada. Mutumin ƙasar Kabi da ya tashi yana jin Sani Aliyu Ɗandawo da Gambu mai waƙar ɓarayi ya riga ya saba da mawaƙin da ke yabo ko suka da kaifin harshe. Bambancin shi ne, makaɗin fada yana zambo ne domin ya ɗaukaka ubangidansa, shi kuwa Ziriums ya juya zambon ga masu iko, ba tare da ubangidan da zai kare shi ba.

Ke nan, ana iya cewa shaharar Ziriums ta ginu ne a kan abubuwa uku: jigon da ya taɓa damuwar matasa, wayar da ta tsallake shingen hukuma, da kuma salon da kunnen Bahaushe ya riga ya sani.