Maganin Teɓar Yara Ta Hannun Iyali

Teɓa, watau ƙibar da ta wuce kima har ta zama cuta, ta daina zama lalurar manya kaɗai. Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shekarar 1990 kashi 2 cikin 100 na masu shekara 5 zuwa 19 ke fama da ita. A 2022 kuwa sun kai kashi 8, watau wajen miliyan 160. Abin tsoron shi ne, yaro mai teɓa yakan girma da abarsa, daga baya ciwon sukari da hawan jini su biyo sawu.

A da likita yakan zayyana wa yaro abin da zai ci da wanda zai bari, ya sallame shi. Wannan bai cika yin amfani ba, dalilin kuwa a fili yake: ɗan shekara 8 ba shi ke cefane ba, ba shi ke ɗora tukunya ba. Don haka wajen ƙarshen shekarun 1970 wani masanin halayyar ɗan Adam, Leonard Epstein, na Jami'ar Pittsburgh a Amurka, ya soma ɗaukar gidan duka a matsayin majinyaci. Ya kasa abinci gida uku bisa launin fitilun ba da hannu na titi. Kore shi ne irin su ganye, a ci yadda aka so. Ruwan ɗorawa shi ne hatsi da nama marar kitse, a ci da awo. Ja shi ne soye-soye da kayan zaƙi, waɗanda ake ƙayyade yawansu a mako, a kuma daina ajiye su a gida. Yaro da ɗaya daga iyayensa kowa na rubuta abin da ya ci, kowa na hawa ma'auni in an je ganin malamin. Ana kuma koya wa iyaye yabon yaro in ya yi daidai, maimakon gori, da ba shi ladar da ba abinci ba ce.

Cikin 1990 aka bayyana sakamakon bin sawun yara 76 har shekara 10, waɗanda aka fara da su suna tsakanin shekara 6 da 12. Abin da aka auna shi ne yadda nauyin yaro ya ɗara wanda ya dace da shi. Ga waɗanda aka yi wa magani tare da iyayensu, rarar nan ta ragu da kashi 7.5 cikin 100. Ga rukunin da ba a ɗora wa kowa nauyin ragewa ba, ta ƙaru da kashi 14.3. Raguwar ba ta da yawa, amma ɗorewarta shekara 10 ita ce abin lura, domin manya da wuya su riƙe abin da suka rage har tsawon haka.

Daga nan sai tambaya ta taso, shin lalle ne ma yaron ya halarta? Moria Golan ta Isra'ila ta nuna cikin 1998 cewa koyar da iyaye su kaɗai ya fi koyar da yara su kaɗai. Cikin 2017 kuma Kerri Boutelle ta gwada iyalai 150 a San Diego, ta tarar zaman iyaye kaɗai bai kasa na iyaye da yara ba.

Amma fa ga samari da 'yammata hanyar ba ta da ƙarfi kamar haka, don wanda ke da kuɗin kashewa a aljihu, yana cin rabin abincinsa a waje, ya fara fita daga ikon tukunyar uwarsa. Cikin 2023 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar zama na aƙalla awa 26 cikin wata 3 zuwa 12, ta kuma yarda a haɗa da magani daga shekara 12, da fiɗa daga shekara 13 in teɓar ta tsananta. Awa 26 ba ƙaramin abu ba ne ga talaka mai neman na yau, shi ya sa iyalai da dama ke yankewa a hanya.

Akwai kuma batun ma'anar iyali. An tsara hanyar ne a kan gidan uwa da uba da 'ya'yansu. A gidan da girki ke zagayawa tsakanin mata, ga kaka mai ganin ƙibar jika alamar lafiya ce, wanda ya kamata a fara zama da shi ba lalle ne ya zama mahaifin yaron ko mahaifiyarsa ba.