Zakara Ya Taka, Kaza Ta Zaɓa

A kasuwar Birnin Ƙonni, ko ta Gidan Idar, ko ta Badagishiri, ƙaton zakara mai jan zanko ba ya daɗewa a hannun mai sayarwa. Mai saye zai ɗaga shi ya ji nauyi, ya buɗe fiffike, ya duba ido, ya biya da niyyar gyara irin kajin gidansa. Bayan wata guda da 'yan kwanaki kaza ta ƙyanƙyashe, sai a tarar rabin 'yan tsakin sun ɗauko ɗan guntun zakaran maƙwabta. Daga nan sai a ce an yi cuta, zakaran ba ya aiki. Sau da yawa zakaran ba shi da laifi. Kokawar da ake gani a tsakar gida somin-taɓi ce, ta gaske a cikin cikin kaza ake yin ta.

A 1970 wani masanin halittu ɗan Ingila, Geoffrey Parker, mai nazarin ƙudan da ke bin kashin shanu, ya nuna cewa idan maza biyu suka yi barbara da mace ɗaya, maniyyinsu kan ci gaba da gasa a jikinta. Tim Birkhead na Jami'ar Sheffield na cikin waɗanda suka bi wannan zance a kan tsuntsaye.

Kaza tana da wasu 'yan mitsi-mitsin aljifai a hanyar ƙwanta, kusa da inda ake yi wa ƙwai ɓawo. Idan zakara ya taka ta, wani kaso na maniyyin yakan shige aljifan nan ya zauna da ransa mako biyu, wani lokaci har uku, yana fita kaɗan-kaɗan zuwa sama inda kwanduwa ke saukowa kusan kowace rana. Talotalo ma tana ajiye shi fiye da wata guda. Shi ya sa kazar da aka yanka zakaranta da salla take ci gaba da yin ƙwai mai ƙyanƙyasuwa. Maniyyin zakaran da ya taka a ƙarshe yakan fi rinjaye, domin tsohon ajiya yana raguwa kullum, amma ba ya ƙarewa rana ɗaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne kazar ba rumbu ba ce da kowa zai zo ya zuba. A shekarar 2000, Tommaso Pizzari da Birkhead sun wallafa abin da suka gani a garken kaji masu yawo sake a ƙasar Suwidin. Kaza takan fi yarda da zakaran da ya fi ƙarfi a garke. Idan wani ƙarami ya far mata da ƙarfin tsiya, tana miƙewa takan tunkuɗo maniyyinsa waje. Mai kallo dai ya ga an taka, amma aikin banza aka yi. Shi ma zakara ba wawa ba ne: binciken da ya biyo baya a 2003 ya nuna yana tsimi, yana rage wa kazar da ya saba da ita, yana ƙara wa baƙuwa da kuma mai babban zanko.

Akasarin tsuntsaye ba su da azzakari, haɗa mafita kawai suke yi na 'yan daƙiƙoƙi. Jimina da agwagwa na cikin 'yan kaɗan masu shi. Na toron agwagwa murɗaɗɗe ne, kuma Patricia Brennan a Amurka ta auna fitowarsa, ba ta kai rabin daƙiƙa ba. Hanyar macen kuwa ta murɗe ne ta ɗaya gefen, ga kuma lunguna da ba su ɓullewa, don haka toron da ya danne ta ba da son ranta ba, da wuya ya zama uba.

Su kuma masu zaman biyu-biyu, waɗanda muke yaba wa da riƙon amana, gwajin DNA ya ɗan tona musu asiri. An fara shi a kan gwara a Ingila a 1987, kuma daga baya aka tarar cewa a mafi yawan nau'o'in da aka gwada, akwai sheƙunan da namijin ke ciyar da ɗan wani.

Ga matan Malbaza da Illela da ke kiwon kaji don cefane da bikin 'ya'ya, lissafin a fili yake. Sayen zakara mai tsada a sake shi cikin tsofaffin zakaru asarar kuɗi ce, musamman da yake baƙo kan sha duka kafin ya samu gindin zama, kuma kaji na lura da wanda ake kora. A fara sayar da tsofaffin ko a yanka su. A tsare kajin a akurki tare da sabon har mako uku, ƙwan da suka yi a wannan tsakani a ci ko a kai kasuwa, sannan a fara tara na kwanci. Inda wahalar take, kajin ƙauye ba su san danga ba, ga tsadar dusa da hatsin ciyar da kazar da aka kulle. Idan gidajen unguwa ba su daidaita sun rage zakarunsu lokaci ɗaya ba, na maƙwabci zai ci gaba da tsallako katanga.